Ilimin Ƴa Mace a Ƙasar Tasawa da Mayahi: Karatu, Sana'a da Shugabanci

Wannan bayani dominku aka shirya shi, ku iyaye maza da mata da kuke zuwa ajin yaƙi da jahilci, da ku ƴan mata waɗanda karatu ya tsinke muku a hanya. Zai nuna muku halin da ilimin ƴaƴa mata yake ciki a gundumomin Tasawa da Mayahi, da abubuwan da suke fitar da yarinya daga makaranta, da abin da doka ta tanada, da hanyoyin da mace take bi har ta sami sana'a ko ta shugabanci jama'a. Ku karanta shi kashi-kashi. In kun gama kashi ɗaya, ku tattauna shi da abokan karatunku kafin ku wuce gaba.

Ƙasar da ake magana a kanta

Tasawa da Mayahi gundumomi biyu ne na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Garin Tasawa yana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi. Gundumar tana da ƙananan hukumomi 7, wato Tasawa, Bawdeta, Hawandawaki, Kona, Korgom, Maijirgi da Urafan. Mayahi kuwa tana bakin Gulbin Kaba, tana da ƙananan hukumomi 8, a cikinsu akwai Kanambakashe, Sarkin Hausa, Gidan Amumun da Cake. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna kowace ɗaya daga cikin gundumomin nan tana da mutum fiye da 500,000.

Kun fi kowa sanin abin da ake rayuwa da shi a nan: noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, da kiwon jar akuya wadda aka san ƙasar Maraɗi da ita. Kun kuma ga yadda jama'a suka yawaita, gonaki suka tsuke. A da, maigida yakan yanka wa matarsa gamana ta noma abin kanta. Yanzu a garuruwa da yawa gandun ma bai ishi gidan ba, balle a yanka gamana. Da an gama girbi sai maza su tafi cin rani, su bar mata da yara da tsofaffi. Matar da aka bar wa gida ita ce za ta kai yaro likita, ta auna hatsin da ya rage a rumbu, ta karɓi kuɗin da aka aiko. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan yana bukatar karatu da lissafi.

Halin da ƴan mata suke ciki

A farkon shekarun 2000, ƴan matan Nijar da suke makarantar firamare ba su kai ɗaya cikin uku ba. Daga shekarar 2003 gwamnati ta shiga wani shiri na shekara 10 domin bunƙasa ilimi, aka buɗe makarantu a ƙauyuka masu yawa, ƴan mata kuma suka ƙaru a azuzuwa. Sai dai shiga makaranta daban, daɗewa a cikinta daban. Da yawa sukan fita kafin su gama firamare, waɗanda suka wuce kwaleji kuma kaɗan ne suke kai ƙarshensa.

Babban binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ya ba da waɗannan alƙaluma:

• Mata 14 cikin 100 ne suka iya karatu, maza kuwa 42 cikin 100.
• Mata 76 cikin 100 masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma 28 cikin 100 kafin su cika 15.
• A jihar Maraɗi adadin ya kai 89 cikin 100, wanda ya fi na kowace jiha.
• Mace ɗaya takan haifi ƴaƴa fiye da 7 a tsawon rayuwarta. Wani bincike na shekarar 2021 ya nuna adadin ya sauko zuwa 6 da ɗoriya.

Ma'anar 89 cikin 100 ita ce, in kun tara ƴan mata 10 na garinku, kusan 9 za su shiga ɗakin miji kafin shekarun gama makarantar sakandare.

Me yake fitar da yarinya daga makaranta?

Ba ƙiyayya ce take sa iyaye su cire ƴarsu ba. Kowane uba da kowace uwa suna da dalilin da suke gani. Ya kamata a san dalilan nan ɗaya bayan ɗaya, domin ciwon da aka sani shi ake yi wa magani.

Na farko, nisa. Firamare tana iya kasancewa a cikin gari, amma kwaleji sau da yawa sai a babban garin ƙaramar hukuma. Yarinya mai shekara 12 ko 13 sai ta yi doguwar tafiya kullum, ko kuma a nema mata mai masauki. A gidan masauki takan zama ƴar aiki, wani lokaci ba ta samun isasshen abinci, ba kuma mai sa mata ido.

Na biyu, aikin gida da talla. Daka, ɗiban ruwa, neman itace da raino duk a kanta suke. Uwa kuma tana dogara da tallar ƴarta wajen tara kuɗin kayan ɗaki. Yarinyar da ta wuni da faranti a ka, da dare barci za ta yi, ba bitar karatu ba.

Na uku, rashin abin hannu. Ko ba a biyan kuɗin makaranta, akwai littafi da alƙalami da tufafi da abincin rana. A shekarar yunwa irin ta 2005, wadda ta addabi jihar Maraɗi ƙwarai, gida yakan rage bakin da yake ciyarwa, kuma aurar da ƴa yana cikin hanyoyin da ake bi.

Na huɗu, tsoron abin kunya. Iyaye suna gudun ƴarsu ta yi cikin shege, sai su ga ɗakin miji ya fi mata rufin asiri.

Na biyar, ƙarancin ingancin karatu. Azuzuwa da yawa rumfunan kara ne, ba a kafa su sai bayan girbi, kuma da ruwan farko ya sauka sai a watse. Ga haɗarin wuta: a watan Nuwamba na 2021 gobara ta kashe yara fiye da 20 a wata makarantar rumfuna a birnin Maraɗi. Uban da ya ga ƴarsa ta yi shekara 5 ba ta iya rubuta wasiƙa ba, dole gwiwarsa ta yi sanyi.

Na shida, rashin makewayi da ruwa. Yarinyar da ta fara haila, in babu wurin da za ta kintsa, takan zauna gida kwanaki a kowane wata, har karatu ya wuce ta.

Na bakwai, rashin takardar haihuwa. Ana neman ta wajen rubuta sunan ɗalibi a jarrabawa. Yara da yawa sun yi karatu har ƙarshe, sannan takarda ta tsayar da su.

Amfanin karatun ƴa mace

Amfani na farko ga lafiyarta ne. Yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama girma ba, ƙashin ƙugunta yakan yi wa kan jariri kaɗan. Sai naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku. Kan jaririn yakan danne mafitsara har naman wurin ya mutu, ya huje, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Sau da yawa jaririn ma ba ya zuwa da rai. Ciwo ne da ake warkarwa ta hanyar aiki, kuma tun shekarar 2012 akwai asibitin da aka keɓe dominsa a Danja, kusa da Maraɗi. Amma rigakafi ya fi magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa matsalolin ciki da haihuwa cikin manyan abubuwan da suke kashe ƴan mata masu shekara 15 zuwa 19. Kowace shekara da yarinya ta ƙara a aji, jikinta yana ƙara ƙwari kafin haihuwar fari.

Amfani na biyu ga ƴaƴanta ne. A shekarar 2010 mujallar likitoci mai suna The Lancet ta buga wani nazari a kan ƙasashe 175. Nazarin ya gano cewa kimanin rabin raguwar mutuwar ƙananan yara da aka samu a duniya tsakanin 1970 da 2009 ya samo asali ne daga ƙaruwar ilimin mata. Dalilin a fili yake. Uwar da ta iya karatu tana duba katin rigakafi ta san ranar komawa. Tana karanta ƙa'idar magani, ba ta ba yaro abin da ya wuce kima. Tana gane alamun tamowa da na zazzaɓin cizon sauro tun da wuri, ba ta kuma jin nauyin yi wa ma'aikacin lafiya tambaya.

Amfani na uku ga dukiyar gida ne. Mai karatu tana rubuta bashin da ta bayar da wanda ta ci. Tana lissafa tiya nawa na gyaɗa ta saya, kwalba nawa na mai ta samu, nawa ta sayar da ƙuliƙuli, don ta san ko riba take ci ko faɗuwa take yi. Tana karanta saƙon da ya shigo wayar salula da kanta, ba sai ta kai wa wani ya ji sirrin gidanta ba. Hausawa sun ce ilimi gishirin zaman duniya.

Abin da addini da tarihi suka nuna

Malaman Musulunci sun haɗu a kan cewa neman ilimi wajibi ne a kan namiji da mace. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka a rubuce-rubucensa ga mazan da suke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kuma kafa tsarin Ƴan Taru: takan koyar da dattawan mata da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, su kuma su koma ƙauyukansu su koyar da sauran mata. Ajin yaƙi da jahilci da kuke zaune a cikinsa yau yana da kama da wannan tsari.

Shugabancin mata ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tarihin Daura ya fara ne da sarakuna mata. A fadar Katsinan Maraɗi akwai sarautar Iya, a fadar Gobir ta Tsibiri akwai sarautar Inna, dukansu mata ne masu faɗa a ji. A shekarar 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu ta yi fito-na-fito da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, rundunar da shugabanninta biyu suka gamu da ajalinsu a wannan shekara a yankin Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa.

Matakan karatu a Nijar

Yana da kyau kowane mahaifi ya san tsanin da ƴarsa take hawa, don ya san inda ta kai da abin da ya rage.

• Firamare: shekara 6, daga aji CI zuwa CM2. Ana shiga da shekara 6 ko 7.
• Kwaleji, wanda ake kira CEG: shekara 4, a ƙarshe a yi jarrabawar BEPC.
• Lise: shekara 3, a ƙarshe a yi jarrabawar BAK.
• Jami'a ko babbar makarantar koyon aiki. A Maraɗi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda aka kafa a 2010, inda ake koyar da aikin gona da kimiyya da aikin likita.

Ga iyayen da suke son a haɗa wa ƴarsu boko da addini, akwai makarantun Faransanci da Larabci na gwamnati, waɗanda takardunsu suke daidai da na sauran. Irinsu ta farko an buɗe ta a garin Sayi a shekarar 1957.

Wadda ta wuce shekarun shiga ba ta makara ba. Akwai azuzuwan gaggawa na wata 9, waɗanda ƙungiyoyi suke buɗewa domin yara masu kimanin shekara 8 zuwa 12. Ana fara musu da harshen gida, sannan a mayar da su makarantar gwamnati. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, waɗanda ake kira CFM. A shekarar 2013 Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, tare da gwamnati, ya fara shirin Illimin, inda ƴan mata suke haɗuwa da wata babbar mace amintacciya suna koyon karatu da kula da lafiya da tattalin kuɗi. Ku sani kuma, a watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Karatun da kuke yi da Hausa yana da daraja a idon hukuma.

Abin da doka ta tanada

Dokar tsarin ilimi ta shekarar 1998 ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, ba bambanci tsakanin namiji da mace.

A ranar 5 ga Disamba 2017 aka sa hannu a kan wata doka ta musamman domin kare yarinyar da take makaranta da tallafa mata. Gwamnati ta ɗauki alkawarin riƙe ta a karatu har ta cika shekara 16. A shekarar 2019 kuma ministocin ilimi suka fitar da umurnin da ya ba ɗalibar da ta yi aure ko ta sami ciki damar ci gaba da karatu, da komawa aji bayan ta haihu. A da korarta ake yi. Iyaye da yawa ba su san an canza wannan ba, don haka ku sanar da su.

Game da shekarun aure, dokar zaman jama'a da aka gada daga zamanin Faransawa ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, amma yawancin aure a karkara bisa al'ada da addini ake ɗaura shi. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara ta shekarar 1990 kuwa ta nemi ƙasashe su tsayar da shekara 18 ga kowa. A wurin da doka ba ta isa ba, shawarar uba da uwa da waliyyi ita ce take yanke wa yarinya makoma. Wannan nauyi a wuyanku yake.

Daga karatu zuwa sana'a

Magidanta da yawa ba sa son namiji ya karɓi haihuwar matansu. Uwaye da yawa sun fi sakin jiki in malamar ajin ƴarsu mace ce. To, ungozoman asibiti da malamar makaranta daga ina za su fito, in kowa ya cire ƴarsa a aji biyar? Garin da bai karantar da ƴaƴansa mata ba, sai ya jira a aiko masa baƙuwa, wadda ba ta daɗewa take neman a mayar da ita birni. Ƴar gari kuwa tana zama, don a nan danginta suke.

Ga kaɗan daga cikin ƙofofin da suke buɗe. Makarantar horar da malamai ta Bawa Jan Gwarzo tana Maraɗi. Makarantun koyon aikin lafiya na gwamnati suna Damagaram da Yamai. Waɗansu kwasa-kwasan ana shigarsu da BEPC, waɗansu sai da BAK, kuma sharuɗɗan sukan canza, saboda haka ku tambayi daraktan makaranta ko ofishin sufeton ilimi tun kafin lokaci. Ana bukatar mata a aikin malaman gona da na lafiyar dabbobi, tun da awaki da tumaki da kaji yawancinsu a hannun mata suke. A cibiyoyin sana'a ana koyon ɗinki da saƙa da sarrafa abinci, amma babu dokar da ta hana yarinya koyon gyaran waya ko haɗa wutar hasken rana, ayyukan da ake nema a kowane ƙauye yanzu.

Ƴan Nijar mata sun riga sun shiga ayyukan da a da ake cewa na maza ne. A shekarar 2015 Umma Lawali ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin sama a rundunar sojan ƙasar. Mariam Isufu Kamara, mai zanen gine-gine, tana cikin waɗanda suka tsara sabon masallaci da ɗakin karatu na garin Dandaji a jihar Tawa, aikin da ya sami yabo a ƙasashen duniya.

Mata Masu Dubara

Akwai wata dabara da aka haifa a jihar Maraɗi, ta yaɗu har ƙetare. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauyen Kagadama a kan tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashen da mata suka saba ne, aka yi masa gyara. Mata kimanin 15 zuwa 30 sukan haɗu mako-mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a kai cikin akwati mai makulli, a gaban kowa. Mai bukata ta ranta, ta yi sana'a, ta mayar. In shekara ta zagayo sai a fasa asusu a raba. Ƙungiya ita take tsara dokokinta, wadda kuma take da shakka a kan abin da ake ɗorawa bisa rance, sai ta nemi fatawar malamai.

Ga misali na lissafi. In mata 25 suna zuba dala ashirin kowace, wato sefa 100, a mako za a tara sefa 2,500. A mako 40 an tara sefa 100,000, wato jaka ɗari. Da yayyafi kogi kan cika. Da irin wannan kuɗi ƙungiyoyi suka kafa rumbunan tsimi domin lokacin bazara da damina, suka sayi awaki, suka saya wa ƴaƴansu littattafai. A yau miliyoyin mutane a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suna bin wannan tsari.

Ribar ba ta tsaya a kuɗi ba. Kowace ƙungiya tana zaɓen shugaba da ma'aji da magatakarda. A nan mace take koyon magana a gaban jama'a, da riƙon amana, da sasanta saɓani. Ƙungiyar da take da ƴa mai karatu ba ta neman namiji ya riƙe mata littafin lissafi.

Mata da shugabanci

A ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi maci a Yamai, don an ba su kujera ɗaya tak a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. Aka ƙara musu kujeru, kuma ranar ta zama Ranar Matan Nijar. A shekarar 2000 aka kafa dokar kaso, wadda ta ce kowane jinsi ya sami aƙalla 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da 25 cikin 100 na manyan muƙaman naɗi. A majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce cikin mutum 83. A ta 2004 mata sun zama 14 cikin 113. An ɗaga kason kujerun zaɓe zuwa 15 cikin 100 a 2014, sannan zuwa 25 cikin 100 a 2019. A zaɓukan ƙananan hukumomi na 2004 da 2011, mata da dama da suka fito daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun ci kujerun kansila. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rushe majalisar dokoki, a 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi. Amma gogewar da matan nan suka samu tana nan tare da su a garuruwansu.

A'ishatu Mindaudu ta riƙe ma'aikatar harkokin wajen Nijar kusan shekara 10, sannan ta wakilci Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodebuwa daga 2013 zuwa 2017. Fatimata Bazeye ta shugabanci Kotun Tsarin Mulki, wadda a 2009 ta ƙi amincewa da shirin tazarce. Mariama Gamatie Bayard, haifaffiyar Maraɗi, ita ce mace ta farko da ta tsaya takarar shugaban ƙasa, a shekarar 2011. Dukansu daga aji ɗaya na firamare suka fara.

Shugabanci kuma ba sai a Yamai ba. Kwamitin kula da makaranta, ƙungiyar uwaye masu tarbiyya, kwamitin rijiya ko famfo, kwamitin gidan likita, duk wurare ne da ake yanke shawarar da ta shafi ƴaƴanku. In babu mace a wurin, ba wanda zai tuna da maganar makewayin ƴan mata.

Yadda abin yake a sauran duniya

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta a shekarar 2023 cewa ƴan mata fiye da miliyan 120 ba sa makaranta, kuma ana aurar da kimanin miliyan 12 a kowace shekara kafin su cika 18. Ƙasashe sun yi alkawari a taron mata na Bejin a 1995, da taron ilimi na Dakar a 2000, da kuma a 2015, lokacin da suka sa 2030 a matsayin wa'adin ba kowane yaro ilimi da kawo ƙarshen auren wuri. Tun 2012 ake bikin Ranar Ƴa Mace ta Duniya a ranar 11 ga Oktoba.

An kuma ga inda abin ya canza. Ellen Johnson Sirleaf ta hau mulkin Laberiya a 2006, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. A zaɓen 2013 mata sun ci fiye da 60 cikin 100 na kujerun majalisar Ruwanda. Malala Yusufzai ta Pakistan, wadda aka harba a 2012 saboda kiran da take yi a bar ƴan mata su yi karatu, ta sami lambar yabo ta Nobel a 2014. A 2017 Amina Muhammad ta Najeriya ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abin da za ku iya yi

Kai uba: ka yi wa ƴarka takardar haihuwa tun tana jaririya. In lokaci ya wuce, ka je ofishin magajin gari ka tambayi yadda ake samunta ta hanyar alƙali. Ka rubuta sunanta a makaranta da ta kai shekara 6 ko 7, don wadda ta shiga a makare takan balaga kafin ta gama firamare. In manemi ya fito tana cikin karatu, ka ce ya jira. In an riga an yi auren, ka zauna da mijin da iyayensa a kan ta ci gaba.

Ke uwa: ki raba aikin gida tsakanin ƴaƴanki maza da mata. Ki keɓe mata lokacin bita kafin duhu, ko ki sama mata fitila. Ki rage mata talla a ranakun makaranta. Ki yi mata bayanin haila kafin ta zo, ki tanadar mata tsumma mai tsabta da sabulu. In za ta zauna gidan masauki, ki san gidan da idonki, ki riƙa kai ziyara da ɗan abinci.

Ke yarinya: kada ki ɓoye abin da yake damunki. In wani yana takura miki a hanya ko a makaranta, ko da malami ne, ki gaya wa mahaifiyarki ko wata malama ko ƙungiyar uwaye. Ku riƙa tafiya a ayari, ku riƙa bita tare. In kin faɗi jarrabawa, ki maimaita. Sannu ba ta hana zuwa.

Kai miji: matar da ta iya karatu da lissafi abokiyar shawara ce a gidanka. Ka bar ta ta je aji, ka bar ta ta je awon ciki. A jihar Damagaram, tun wajen 2008, magidanta suka fara haɗuwa a Makarantun Mazaje suna tattauna lafiyar iyalansu, tsarin kuma ya iso jihar Maraɗi.

Ku masu gari da limamai da ƴan kwamiti: ku lissafa ƴan matan da suke aji a farkon shekara da ƙarshenta, ku bi sawun wadda ta ɓace tun a makon farko. Ku haɗa hannu ku gina aji na ƙasa a madadin rumfar kara, da makewayi na ƴan mata daban. Ku zaɓi gidaje amintattu a garin da kwaleji yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. A garinku, ƴan mata nawa suka shiga firamare shekara 6 da suka wuce, kuma nawa suka kai CM2?
2. Cikin dalilai bakwai da aka lissafa, wanne ya fi fitar da ƴan mata daga makarantarku?
3. Wane ne a garinku iyaye suke jin maganarsa in batun auren ɗaliba ya taso?
4. Mata nawa ne a kwamitin makarantarku, kuma suna magana a wurin taro?
5. Wane abu ɗaya ajinku zai iya yi kafin a koma makaranta a watan Oktoba?